Tayar da Ta Daɗe a Tsaye

Gyadi-Gyadi, Kano.

Zuwa ga ɗana Nura,

Assalamu alaikum wa rahmatullah. Bayan gaisuwa, ina roƙon Allah ya sa wannan takarda ta same ka cikin lafiya da kwanciyar rai, ya tsare ka a zaune, ya tsare ka a kan hanya. Na san za ka yi mamaki, gida ɗaya muke kwana amma ga shi ina rubuta maka. Na gwada da baki ne abin ya ƙi. Da na fara sai ka sunkuyar da kai kana "to, Baba", ni kuma in ji kamar na cika ka da surutu, in yanke. A takarda ba zan ji nauyinka ba, kai ma ba za ka ji nawa ba.

Bari in fara da godiya. Ranar da ka gaya mana an sa ka cikin ayarin da zai shiga ƙauyuka yi wa yara rigakafi, na ɗauki buta na fita masallaci tun ba a kira salla ba. Daɗi ne ya hana ni magana. Abokan karatunka kowa babban asibitin nan na kusa da mu yake nema, kai kuwa ka zaɓi aikin da na ƙare ƙuruciyata a kansa ba tare da na taɓa ce maka ka zaɓe shi ba. Na gode wa Allah, kai ma na gode maka.

Shekaranjiya na hau acaɓa na je Tarauni ba ka sani ba. So nake in ga motar da za ka tuƙa, da kuma ƙaramar tirelar nan ta tafi-da-gidanka da za ka ja a baya, wadda za ku riƙa kwana a ciki kuna ajiye magani. Na same ta ta sha sabon fenti. Tun da soja suka koma bariki kowane ofis fenti yake sha, kuma ban ga laifin hakan ba, mun daɗe ba mu ga an damu da kayan gwamnati ba. Amma da na dubi ƙasa sai na ga an wanke tayoyin sun yi baƙi ƙirin, a gefensu kuma ga ƙananan tsage-tsage kamar faso a diddige. Na taɓa ganin irinsu, kuma kana wurin, sai dai ba za ka tuna ba.

Wancan karon da aka miƙa wa farar hula mulki, ba ka daɗe da yaye ba. Ina malamin asibiti a wani ƙaramin asibiti a Tarauni, lokacin tsakaninmu da can gonaki ne. A bayan asibitin akwai irin wannan tirela da wasu masu aikin ido suka tafi suka bari. Ta ci damina ta ci rani a wuri ɗaya, awaki na kwana a ƙarƙashinta. Da bazara ta shigo ƙyanda ta fara kama yara a ƙauyukan kudu da birni, sababbin shugabanni kuma suna ɗokin a ga aikinsu, sai aka ce a tayar da ita. Ni ne na iya tuƙi, don haka aka ba ni mota, aka haɗa ni da Sista Agnes, Maman Chidi ta Unguwa Uku, wadda take aiko muku da shinkafa duk Kirsimeti. Lokacin tana matashiyar nas, ba ta daɗe da zuwa Kano daga kudu ba, Hausarta ma ba ta gama zama ba.

Na zagaya tirelar na duba tayoyin. Zanensu yana nan da zurfinsa kamar jiya aka sayo su, don ba su yi wata tafiya ba. Na sa ƙafa na shure su, na ji su da tauri, na ce lafiya lau. Na ja ta zuwa wurin mai faci a bakin titin Zariya, na ce ya ƙara mata iska. Ya ƙara da ido, ni ma na karɓa da ido, babu mai gejin auna iska a cikinmu. Wannan shi ne kuskurena na farko. Na ɗauka tafiya kaɗai ke cinye taya. Ashe tsayuwa ta fi cinye ta. Rana tana busar da robar, nauyi yana danne wuri ɗaya, ruwa yana shiga ta tsagar ya lalata zaren ciki, a waje kuwa ka gan ta kamar sabuwa. Tayar mota kullum tana juyawa, kullum idonka yana kanta. Tayar tirela tana can baya, ba wanda yake tuna ta sai ranar tafiya.

Don haka, Nura, kada zane ya ruɗe ka. Dubi gefen taya. Danna da babban yatsa ka ga ko tsagar tana buɗewa. Nemi kumburi komai ƙanƙantarsa. Tambayi tun yaushe aka sa ta, in babu wanda ya tuna, to ta tsufa ke nan. Ka mallaki geji naka na kanka, ɗan ƙarami ne, aljihu yake shiga. Ka auna iska da safe kafin ku tashi, taya tana da sanyi, ka sa daidai yadda aka rubuta mata. In ka auna da rana tsaka ka ga iskar ta ƙaru, kada ka rage, zafi ne, za ta sauka da kanta.

Kuskure na biyu ya fi wannan nauyi, kuma shi ne Ummanku take ba ku labarinsa tana dariya. Garin iyayenta yana kan hanyarmu, ta daɗe ba ta je ba, sai na ce ta shirya in sauke ku. Na loda kaya yadda na ga dama: firjin kananzir, duron ruwa, buhun shinkafa, katifu, ga tsarabar Ummanku, duk na tura su can ƙarshen tirelar don a sami fili a tsakiya. Ummanku ta leƙa ta ga ɗaki da gado da labule da 'yar taga, ta ce ita kam nan za ta zauna, me zai kai ta matsi a gaban mota. Ni ma na ji daɗi, iyalina za su shiga garinsu a cikin ɗaki mai tafiya. Ta shimfiɗa maka zane a gadon, ta kwantar da kai.

Na shiga mota na tayar, na jira Sista Agnes ta shigo, shiru. Na fito na same ta zaune a kan ƙarfen da ya haɗa tirelar da mota, ta rungume jakarta. Na ce mata rana tana yi, kansila da makaɗa suna can suna jiranmu. Ta ce ta ji. Na ce to ta tashi. Ta ɗago ta dube ni.

"Malam Habibu, ni ban san mota ba," in ji ta. "Amma ɗakin da mutum zai yi ihu a ciki ba ka ji ba, ni ba na barin yaro a ciki. Ko su fito, ko ka ja ni a nan."

Raina ya ɓaci. Na girme ta a shekaru, na girme ta a aiki, ga masu gadi suna kallo. Na ce mata matata ce da ɗana. Ta ce ta sani, shi ya sa. Ummanku ce ta raba gardamar, ta ɗauko ka ta fito, ta shiga gaban mota. Sista Agnes ta ɗauko akwatin sanyi da allurar rigakafin ke ciki ta ɗora a cinyarta, ta matsa kusa da ƙofa. Haka muka tafi a matse, ni ina cika ina batsewa har muka fita daga gari.

Kada ka taɓa barin ɗan Adam ya zauna a cikin tirela tana tafiya, ko shugabanka ne, ko mara lafiya ne, ko tafiyar nan da can ce. Kaya kuma masu nauyi su zauna ƙasa, a kan tayoyin ko ɗan gaba da su kaɗan, a ɗaure. In nauyi ya koma baya, tirela tana ɗaga bayan mota ta fara kaɗa jela. Kuma kowace taya da iyakar abin da za ta ɗauka. Za a roƙe ka. Wannan zai ce ɗan buhu ɗaya ne, wancan zai ce ɗan itace ne, ga fili a ciki. Fili yana iya saura alhali taya ta riga ta ƙoshi.

Saboda gardamar nan mun makara, ni kuma na ce sai na rama lokacin a kan hanya. Rana ta take, kwalta tana sheƙi kamar an zuba mata ruwa. Na ji sitiyari yana ɗan rawa a hannuna, na ce hanya ce. Na ga tirelar a madubi tana lilo hagu da dama, na ce iska ce. Sista Agnes ta ce tana jin ƙaurin roba, na ce manoma ne ke ƙona shara a gona. Duk alamar da Allah ya nuna mini sai da na samo mata amsa.

Mun wuce wata 'yar gada sai na ji ƙara kamar an harba bindiga a bayan kunnena. Tayar hagu ta tirela ce ta fashe. Ban yi tunani ba na taka birki da iya ƙarfina. Motar ta tsaya, tirelar ba ta tsaya ba. Ta turo mu, ta juyo ta gefe, ta fizge bayan motar, muka gangara cikin gona. Na ji Ummanku tana salati. Da komai ya yi shiru, motarmu tana tsaye a kan ƙafafunta, hancinta a cikin kunyar gona, tirelar kuwa ta kwanta a kan haƙarƙarinta, tayar sama tana ta juyawa ita kaɗai.

Babu wanda ya ji ciwo sai Sista Agnes da ta buga goshi a gilashi, don ta ƙi sakin akwatin ta kare kanta. Na zagaya na hau na buɗe ƙofar tirelar na leƙa. Firjin ya tsinke ya faɗa kan gadon, duron ruwan ya bi shi, katakon gadon ya karye gida biyu. Zanen da aka shimfiɗa maka yana nan a ƙarƙashinsu, gefensa kawai ake gani. Ummanku ta zo ta leƙa ita ma. Ba ta yi kuka ba. Ta koma ta zauna a ƙasa ta ƙanƙame ka har ka fara mutsu-mutsu. Kai kuwa ka nuna tirelar da yatsa kana dariya, kana cewa ɗaki ya kwanta.

Na je wurin Sista Agnes zan ba ta haƙuri. Ta danne goshinta da auduga ta ce in bar wannan, in yi tunanin allura, ƙanƙarar akwatin ba za ta kai yamma ba. Har yau ba ta taɓa tuna mini maganar da ta yi a Tarauni ba, ko da wasa.

In taya ta fashe maka, Allah ya kiyaye, ko ka ga tirela ta fara lilo, kada ƙafarka ta je birki da ƙarfi. Riƙe sitiyari da hannu biyu, miƙe shi, ɗaga ƙafa daga totur a hankali, bar motar ta rage gudu da kanta, sannan ka taɓa birki kaɗan-kaɗan ka sauka gefe. Amma abin da ya fi shi ne kada a kai nan. Mai ja ba ya tsere da kowa. Bar 'yan hayis, direbobin haya, su wuce ka, su yi maka oda, su zage ka in sun so. Ku tashi da sassafe, in rana ta take ku sami inuwa ku huta. Duk inda ka tsaya, zagaya ka ɗora bayan hannunka a kan kowace taya da tsakiyar wilinta. In ɗaya ta fi 'yar'uwarta zafi, akwai magana, ko iska ce ta yi ƙasa ko boris ɗin da wilin ke juyawa a kai ne ya bushe. In wani a cikin mota ya ce ya ji wari ko ya ji ƙara, tsaya ka duba, ko da ba ka ji ba.

Manoman da ke sharar gona suka yo kanmu da gudu. Suka kawo igiyoyi da itatuwa, suka taru suka tayar da tirelar. Matansu suka ja Ummanku zuwa gindin wata tsamiya suka kawo mata fura. Ni kuma na ce to bari in sa safaya. A nan na gamu da kuskure na gaba. Safayar tana ɗaure a ƙarƙashin tirelar tun zamanin masu aikin ido, babu iska a cikinta, kuma ta fi wadda ta fashe tsagewa. Na ɗauko sufanar mota, ta ƙi shiga notin tirela, girmansu ba ɗaya ba ne. Na sa jak, ya nutse a ƙasar gona. Duk abubuwan nan da na gwada su a Tarauni da na gani tun kafin mu tashi.

Ina tsugune ina zufa sai wata babbar mota mai ɗauke da albasa ta tsaya. Direban dattijo ne, ya sauko yana ɗingishi. Bai tambaye ni yadda aka yi ba. Ya dubi tayar, ya dubi akwatin da ke hannun Sista, ya tambayi ina za a kai. Da aka gaya masa sai ya ce ba hanyarsa ba ce, amma ta shigo. Ya buɗe akwatin kayan aikinsa ya zaɓo sufanar da ta dace, ya jefo mini wani guntun katako in ɗora jak a kai. Na ce ina zan same shi in mayar masa. Ya ce in riƙe, ranar da na ga wani a irin halina in ba shi. Ban tambayi sunansa ba, hankalina ba ya jikina. Daga baya na ba wani sufanar a hanyar Wudil. Dattijon nan kuwa har yau yana cikin addu'ata.

Sista Agnes ta isa ƙauyen a gaban motar albasa, goshi a kumbure. Makaɗan sun riga sun watse, amma iyaye mata suna nan zaune da 'ya'yansu. Ita da wani malamin makaranta suka yi aikin a gindin bishiya, ba a yi asarar allura ko ɗaya ba. Manoman suka turo motarmu kan titi, na kwance tirelar na bar ta a hannunsu, na kai ku gidan iyayen Ummanku, na nemo tayoyi a garin gaba. Ko tsinke ba a taɓa mana a cikinta ba.

Kafin ka bar Kano, kwance safayar ka auna ta kamar sauran. Gwada sufanarka a kan kowane noti. Ɗaga tirelar da jak ɗinka sau ɗaya a tsakar ofis, a kan idonka. Sa guntun katako mai kauri a mota.

Akwai wani ƙarami da ya faru daga baya, lokacin ina ganin na gama sanin taya. Na canja ɗaya a hanya, na ɗaure notin, na kama gabana. Rediyon motar ya lalace a ranar, gilashi kuma a sauke, shi ya sa na ji wani ƙwas-ƙwas a baya. Da na tsaya, notin da yatsa suke juyawa, wasu ma sun faɗi. Tun ranar nake gode wa Allah da lalacewar rediyon nan. Duk lokacin da aka kwance taya aka mayar, yi 'yar tafiya kaɗan ka tsaya ka sake ɗaurewa. In kun sauka a gari za ku daɗe, nemi inuwa, ko ka rufa wa tayoyin buhu. In aiki ya ƙare za a ajiye ta, ɗora ta a kan bulo tayoyin su huta.

Yanzu ga mai wuyar. Tayoyin da na gani shekaranjiya ba za su kai ku ba, kuma kai ne za ka faɗa. Kai ne ƙarami a ayarin, an riga an sa ranar bikin ƙaddamar da aikin, an gayyaci manya. Na san yadda harshe yake nauyi a irin wannan wuri. Kada ka yi maganar a gaban jama'a, kada ka ɗora wa kowa laifi. Sami shugabar ayarinku ita kaɗai, ka roƙe ta ta zo ta gani, ka ɗora yatsanta a kan tsagar. Na ga matar, alamarta mai sauraro ce. In an yarda za a saya, bi su kasuwa. Yanzu gari ya cika da tayoyi 'yan Kwatano na hannu, an goge su suna ƙyalli, wasunsu sun girmi wadda za a cire. A sayi masu ɗaukar kaya, ba na ƙaramar mota ba, kuma biyun su zama iri ɗaya, girma ɗaya. In an ce a yi bikin tukuna, a yi, a yanka kirtani, a ɗauki hoto, ba sai tirela ta motsa ba. In kuwa aka ce lallai sai ka ja ta haka, ka ba da haƙuri cikin ladabi ka ajiye makulli. Ka dawo gida, ba zan tambaye ka dalili ba. Ranar da muka faɗa gona babu wanda ya sake tuna cewa mun makara.

Ka je Unguwa Uku ka yi wa Sista Agnes sallama kafin ka tafi. Idonta ya yi rauni yanzu, sai ka faɗi sunanka tun daga ƙofa. Ba sai ka ce mata komai a kan wannan ba, za ta ce na tsufa na fara tone-tone. Ka zauna ka ci abin da ta ba ka.

Ummanku ta gan ni ina rubutu ta ce kada in tsorata ka. Ban rubuta don ka ji tsoro ba. Na ja tirelar nan shekaru bayan wannan rana, na kwana a garuruwan da ban taɓa jin sunansu ba, na ci tuwon mutanen da ba su san ni ba, kuma ban taɓa yin aikin da ya fi shi daɗi ba. Irin wannan nake so ka samu, ka dawo ka ba mu labari.

Abu ɗaya ne ban iya yi ba shekaranjiya. Na so in duba gefen tayoyin na ciki, wanda yake kallon ƙarƙashin tirela, don can ne tsaga take ɓuya. Na dafa bodin na fara durƙusawa, gwiwata ta ƙi. Na daɗe a tsaye ina dafe da shi, har mai gadi ya kawo mini benci. Saboda haka ranar Alhamis in an yi la'asar ka zo ka ɗauke ni mu je tare. Ka sa tsofaffin kaya. Kai za ka kwanta a ƙasa ka leƙa, ni in zauna a benci, ka riƙa gaya mini abin da ka gani.

Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya. Allah ya tsare gabanka da bayanka, da abin da kake tuƙawa da abin da kake ja. Allah ya haɗa ka da abokan tafiya masu gaya maka gaskiya, ya ba ka kunnen jin ta. Allah ya sa albarka a hannunka da kan duk yaron da za ka taɓa. Na yafe maka duniya da lahira, Ummanku ma haka.

Wassalamu alaikum.

Mahaifinka,
Habibu